Daga Dogari zuwa Jandarma: Yadda Aikin Tsaro Ya Koma na Sai da Rai a Ƙasar Maraɗi

A da, in aka ɗauki yaro aikin ɗan sanda ko jandarma a Maraɗi, 'yan uwa barka suke zuwa yi, don ya samu albashi da kaki da abin riƙe gida. Yau ma ana barkar, amma da zarar an ce an tura shi Madarunfa, ko Gabi, ko wani ƙauyen Gidan Rumji da ke bakin iyaka, sai uwarsa ta ƙara tsayuwar dare. Wannan sauyi ba a rana ɗaya ya auku ba. Tushensa yana cikin tarihin garin, da na dajin da ke kudu da shi, da kuma na zaman da aka daɗe ana yi tsakanin talaka da mai kaki.

Maraɗi gari ne da yaƙi ya haifa. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a bakin Gulbin Maraɗi wajen 1819, yana riƙe da sunan Sarkin Katsina. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836 a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka zo suka kafa Tibiri kusa da 'yan uwansu. A wancan zamani tsaro kashi biyu ne. Na waje yana hannun Ƙaura da mayaƙansa, su ne masu fita su tari abokan gaba, su ne kuma masu mutuwa a fagen daga. Na cikin gari yana hannun dogarai: kama ɓarawo, tsaron kasuwa da ƙofar fada, zartar da hukuncin da sarki ya yanke. Babban makamin dogari kwarjinin sarki ne, don wanda ya ɗaga masa hannu ya san da fada yake yi.

Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun bar wani gado da ake ji a jika har yanzu. Hare-haren da aka riƙa kai wa juna tsakanin Maraɗi da Katsina sun watse garuruwa da yawa a tsakani, musamman yankin Ruma, wurin ya koma kufai, kufai ya koma daji. Dajin Rugu a Katsina da na Baban Rafi a Maraɗi suna cikin wannan shimfiɗa, kuma tun wancan lokaci mai neman wurin ɓuya ya san hanyarsu.

Zuwan Nasara ya juya al'amarin. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, daga Ƙwanni har kusa da Tasawa, inda jagororin biyu suka halaka a hannun sojojinsu. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka ja layin da ya raba Maraɗi da Katsina, dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu. Kwamandan Faransa bai dogara da dogaran sarki kawai ba, sai ya kafa nasa masu kaki, wato gardi, waɗanda yawancinsu tsofaffin sojoji ne. Aikinsu karɓo lanho, tattaro mutane aikin tilas, da kai wa bariki duk wanda kwamanda ya ga dama ya ɗaure ba tare da shari'a ba. Talaka ya koyi cewa ganin gardi a ƙauye ba alheri ba ne, ya koyi ɓoye hatsinsa da 'ya'yansa da abin da ya sani.

Cikin wannan yanayi aka zubar da jinin masu kaki a Nijar. A ƙarshen 1905, mabiyan wani malami makaho, Alfa Saibu, suka kashe gardi biyu a yankin Kobkitanda, ƙasar Doso, abin da ya buɗe tawayen da Faransa ta murƙushe da wuta. Malamin ya tsallaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda a watan Fabrairu na 1906 mutanen garin suka kashe Turawan Ingila uku da sojoji sama da ashirin, kafin a dawo a shafe garin baki ɗaya. Gardin nan biyu ba su suka ƙirƙiro lanho ba. Su aka aika, su suka fi kusa da hannun mai fushi, su suka biya bashin wanda ya aike su. Wannan ne irin mutuwar mai kaki na farko a tarihinmu: mutuwa a madadin hukumar da jama'a ba su yarda da ita ba.

A 1945 ambaliyar gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi, aka hau tudu aka zana sabon birni mai faffaɗan tituna. A 1946 aka soke aikin tilas da dokar ɗauri ba shari'a. Da Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ta gaji tsarin Faransa mai rassa uku: 'yan sanda a birane, jandarma a karkara da manyan hanyoyi, sai gardi masu tsaron gine-ginen hukuma da gidajen kaso da yankunan makiyaya, waɗanda tun 2010 ake kira rundunar tsaron ƙasa. Tuta ta sauya, amma ba a yi saurin wanke tabon baya ba. A shekarun rikicin jam'iyyar adawa ta Sawaba, musamman bayan hare-haren 1964, an yi amfani da masu kaki wajen farautar 'yan adawa gida-gida. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 kuma jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy da ke Yamai, aka rasa rayuka. Kowane irin wannan lamari yana ƙara nisa tsakanin mai kaki da wanda ya kamata ya ba shi labari.

Duk da haka, shekaru da dama aikin tsaro a Maraɗi bai zama na mutuwa ba. Birnin ya bunƙasa da cinikin gyaɗa, daga baya da fataucin kaya zuwa Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Abin da ɗan sanda ko ɗan duwan yake fama da shi shi ne 'yan sumoga, ɓarayin shanu masu sanda da kibiya, da rikicin manoma da makiyaya, wanda mafi muninsa shi ne na Toda a 1991, inda aka kashe mutum sama da ɗari, galibi mata da yara. Haɗarin da ya fi kusa da shi a cikin gari shi ne tarzoma. Kano ta ga haka a watan Disamba na 1980, lokacin da 'yan sanda suka fara karawa da mabiyan Maitatsine aka fi ƙarfinsu, har sai da soja suka shigo, aka rasa mutum sama da dubu huɗu. Maraɗi ta ga nata a watan Nuwamba na 2000, a boren adawa da bikin nuna tufafi na FIMA. Damagaram ta gani ranar 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, inda ɗan sanda ɗaya da farar hula aƙalla uku suka mutu, jami'an tsaro 22 suka ji rauni. A watan Yuni na 2019 ma unguwar Zariya ta nan Maraɗi ta kwana cikin hayaƙi bayan kama limamin wani masallaci da ya soki dokar tsara harkokin addini, har aka ƙona wata majami'a. A irin waɗannan ranaku, wanda ake jifa da dutse sau da yawa ɗan unguwa ne, tare aka yi makarantar allo da shi.

Babban juyin ya zo ne lokacin da aka samu masu makamai da suke neman mai kaki da gangan. Boko Haram ta tayar da bam a hedikwatar 'yan sandan Najeriya da ke Abuja ranar 16 ga Yuni 2011. Ranar 20 ga Janairu 2012 ta afka wa ofisoshin 'yan sanda a Kano, aka kashe mutum 185, cikinsu 'yan sanda 29. A yammacin Nijar, an kashe jandarma 13 a Ayoru ranar 21 ga Oktoba 2017, sannan ranar 25 ga Disamba 2019 aka yi wa ayarin da ke rakiyar ma'aikatan rajistar zaɓe kwanton ɓauna a yankin Sanam, jandarma bakwai da gardi bakwai suka rasu. Da yawa daga cikin masu faɗuwa a Tilaberi da Difa 'ya'yan ƙasar Hausa ne, kuma a gidajen Maraɗi da Tasawa da Dakoro ake zaman makokinsu.

Wutar da ta kama jihar Maraɗi kanta daga kudu ta taso. Tun wajen 2011 rikicin filaye da satar shanu a Zamfara ya rikiɗe ya koma yaƙi tsakanin 'yan sa-kai da gungun 'yan bindiga, a daidai lokacin da rushewar Libiya ta cika hanyoyin Sahara da bindigogi. Daga sata aka koma garkuwa da mutane don kuɗin fansa, daga Zamfara abin ya bazu Katsina da Sakkwato, ya kuma tsallaka iyakar da ba ta da shinge sai gona da daji. A 2018 Nijar ta ƙara jami'ai a yankin. A ƙarshen Disamba na wannan shekara, a wani farmakin haɗin gwiwa a bakin iyaka, sojojin Nijar biyar da na Najeriya biyar suka kwanta dama. Kafin ƙarshen 2019, 'yan gudun hijira sama da dubu arba'in sun shigo jihar, daga baya aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Yadda ake rasa jami'i a wannan yaƙi kusan iri ɗaya ne. Mahara su shigo ƙauye da tsakar dare a ƙafa ko bisa babura, su kwashi mutane da dabbobi, su nufi iyaka. A kira bariki, jami'ai su bi sawu cikin duhu, a hanyar yashi da mota ba ta gudu. Maharan sun san inda za a biyo, wani lokaci ma an riga an tsegunta musu fitowar motar, sai su bar wasu a baya su yi kwanto. Wanda harsashi ya samu a can, sai an yi tafiya mai nisa da shi kafin a kai asibitin Maraɗi, kuma jinin da ya zuba a hanya shi ke raba mai rai da mamaci. Manomin Jiratawa da ke kai zogale kasuwa lafiya, da 'yan kasuwar Tibiri da ke komawa gida bayan magariba, suna cin moriyar wannan sintiri ko da ba su taɓa ganin fuskar masu yinsa ba.

Hukuma ta ɗauki matakai. A Maraɗi aka fara kafa rundunar 'yan sanda ta tafi-da-gidanka mai kula da iyaka, aka kafa ta biyu a Ƙwanni a 2019. A watan Satumba na 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maraɗi suka zauna da takwaransu kan tsaron iyaka. Aka kuma ƙaddamar da rundunar Farautar Bushiya, wadda ke bin sawun mahara tana ƙwato mutane da dabbobi. Sai dai daji ɗaya ne, hukumomi biyu ne, kuma duk lokacin da dangantaka ta yi tsami, kamar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, ɗan bindiga ne ke samun sarari.

Tarihin nan ya nuna cewa mai kakin yau ba gardin kwamanda ba ne. Wancan ya mutu yana karɓo wa baƙo haraji, wannan yana mutuwa yana bin sawun saniyar talaka da 'yarsa da aka sace. Amma tsohuwar rashin yarda tana nan, kuma ita ce ke sa a ga baƙin fuska a bakin daji a yi shiru. Gyaranta aikin ɓangare biyu ne. Jami'in da ke tatsar direba a shinge yana ƙara wa abokin aikinsa da ke daji haɗari, mutumin da ya ɓoye mai kai wa mahara labari kuma yana da hannu a jinin da za a zubar.

Akwai kuma hakkin waɗanda suka riga suka faɗi. Indiya tana tuna 'yan sandanta kowace 21 ga Oktoba, tun bayan kisan goma daga cikinsu a Ladak a 1959. Amurka ta ware 15 ga Mayu tun 1962. Najeriya ta fara bikin ranar 'yan sanda a 7 ga Afrilu 2025. Maraɗi ba ta buƙatar jiran kowa kafin ta rubuta sunayen 'yan sanda da jandarma da gardi da sojojin da suka rasu suna tsaron ƙauyukanta, da ranar da wurin da abin ya faru. Haka kuma ya kamata hakkin matar mamaci ya fito ba tare da ta yi shekara tana zarya a ofisoshi ba, a ɗauki nauyin karatun marayu, a ci gaba da jinyar wanda ya rasa ƙafa ko ido bayan an daina zancensa a rediyo. Matashin da za a tura Gabi gobe yana kallon yadda aka yi da iyalin wanda ya gabace shi, kuma da abin da ya gani zai auna ko ya dace ya tsaya in wuta ta buɗe.