Kare katako daga gara da magungunan itatuwa

Gara na cikin manyan abubuwan da ke lalata gine-gine a birnin Kano, musamman a tsofaffin unguwanni irin na yankin Ƙofar Dawanau, inda ake samun gidajen ƙasa a tsakanin na siminti.

Ƙwarin kan taso ne daga ƙarƙashin ƙasa, su gina hanya a jikin bango har su kai ga rufi. Suna cinye itace ta ciki su bar bayansa lafiya lau, shi ya sa sau da yawa mai gida ba ya farga sai damina ta sauka rufi ya rufta.

Dabarar magina

Maginan gargajiya sun fi dogara ne da zaɓen itace. Azarar da ake tsagawa daga giginya tana da tauri da ƙaiƙayin zare, abin da ya sa gara ba ta cika samun galaba a kanta ba. An fi daraja ta namijin giginya. Da azara aka ɗaure rufin Gidan Makama a Kano, da kuma tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

Akwai kuma makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ta da ƙasa domin yaɓe da daɓe. Tana ƙarfafa bango ta hana shi shan ruwa, ita kuwa gara danshi take bi.

To sai dai giginya kan daɗe kafin ta isa sara, kuma azara ta yi tsada. Galibin masu gini sun koma ga katakon kasuwa, wanda yawancinsa ke da laushi.

Darbejiya

Masu rufi kan shafe irin wannan katako da baƙin mai ko maganin kanti. Magunguna masu ƙarfi irin su aldrin da dieldrin kuwa an haramta su a yarjejeniyar Stockholm ta shekarar 2001, saboda illarsu ga mutane da muhalli.

Wannan ya ƙara jawo hankali ga darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, bishiyar da asalinta daga yankin Indiya take. A shekarar 1968 masana a jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin azadirachtin daga 'ya'yanta. Sinadarin na hana ƙwari cin abinci, yana kuma dagula girmansu.

Ana shafa man 'ya'yan a busasshen katako, a maimaita har ya sha, musamman a bakin da aka yanke da wanda zai shiga bango. Man ɓawon ƙwallon kashu ma yana aiki, amma yana ƙona fata.

Raunin man darbejiya shi ne rana da ruwan sama na karya ƙarfinsa. Don haka ya fi dacewa da katakon cikin ɗaki da ƙyaure da taga, kuma sai an riƙa sabunta shi. Itacen da za a kafa a ƙasa kuwa, gara a nemi mai tauri irin ƙirya.