Matan Fada: Yadda Tsafin Masunta Ya Zama Bikin Baƙi

A garuruwan bakin teku na ƙasar Sifaniya, irin su Malaga, ranar 16 ga watan Yuli ta masunta ce. A ranar ne suke fito da mutum-mutumin Maryama daga coci, wadda suka ɗauka majiɓinciyar masu shiga teku, su ɗora shi a jirgin ruwa su zaga da shi gaɓar ruwa, suna neman tsari da albarkar kamu. Ibada ce tun asali, amma da yake ta faɗo a tsakiyar lokacin hutun Turawa, yau baƙi masu ɗaukar hoto kan cika gaɓar tare da masu addu'a. Ƙasar Hausa ba ta da teku, sai dai tana da kwatankwacin wannan labari a Argungu, a bakin ruwan Matan Fada.

Kabawa mutanen ruwa ne tun kafin a san su da sarauta. Fadamar Gulbin Rima, wanda a nan ake kira Gulbin Kabi, ita ke ba su shinkafa da kifi, kuma a cikinta ne Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga ikon Askiya Muhammadu na Songhai, ya gina Surame. Mutanen da abincinsu ke cikin ruwa dole su yi wa ruwa doka, kuma a wancan zamani doka da tsafi tafiyarsu ɗaya. Akwai gyaran ruwa, inda ake neman sulhu da iskokin gulbi kafin a shiga. Akwai fashin ruwa, wato buɗe shi ga masunta bayan an hana su taɓa shi. Akwai kuma gyaran gari da shan kabewa, waɗanda suka shafi tudu da amfanin gona. Sarkin Ruwa ne ke riƙe da sirrin gulbi, sai ya yi izini ake shiga, kuma jama'a sun yi imani cewa shi ke sallamar kadoji su kauce.

Mai karatu na iya kallon wannan a matsayin camfi, malamai da dama ma haka suke kallonsa. Amma a ƙarƙashin tsafin akwai lissafi mai kyau. Ruwan da aka rufe tsawon watanni, kifinsa na samun damar hayayyafa da girma. Tsoron iska ya yi aikin da a yau ake ɗaukar ma'aikatan gwamnati su yi, kuma da wuya a ce su sun fi shi iyawa.

Abin da ya mayar da wannan al'ada biki kuwa siyasa ce. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu. An murƙushe su a 1831, aka kashe Sarki Karari, amma a 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta, kuma daga nan Argungu ta zama ƙaya a tsakanin Sakkwato da Gwandu. Ban da ɗan sararin da ake kira Lafiyar Toga, yaƙi bai lafa ba har zuwan Turawa. Ko bayan an ajiye makamai, gabar ba ta bar zukata ba. Saboda haka da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafarsa zuwa Argungu a 1934, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, abin ya wuce ziyarar ban-girma. Aka rasa abin da za a karrama baƙo da shi wanda ya fi nuna ko su wane ne Kabawa, sai aka kai shi bakin ruwa aka yi masa su. Jikan masu jihadi ya zauna yana kallon al'adar mutanen da kakanninsa suka yaƙa. Daga wannan shekara ake ƙirga tarihin bikin.

Sauran labarin na bunƙasa ne. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, bikin ya fara amsa sunan na ƙasa da ƙasa. Aka ƙara masa nunin amfanin gona, da dambe da kokawa, da wasannin kabanci irin su tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta zama hedikwata kuma masaukin manyan baƙi, ita da Kabawa suka rasa a 1805. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Baƙon da ya iso yau yakan fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Argungu, kafin ya gangara bakin ruwa.

Babban su ɗin kansa bai wuce awa guda ba. Da an harba bindiga, dubban maza ke rugawa cikin ruwa, kowa da homa a hannu da ƙaton gora, wanda shi ne abin hawansa kuma ma'ajiyar kamunsa. Makaɗa na bin su a cikin kwalekwale. Abin nema shi ne giwan ruwa, kuma wanda ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75.

Sai dai shahara ta zo da nata kuɗin fito. Da kyauta ta koma mota da kujerar Makka, kwaɗayi ya shigo: a 2008 an kama wanda aka fara bayyanawa a matsayin zakara, bisa zargin cewa mataccen kifi ya shigo da shi daga wani ruwa. Rashin tsaro a Arewa kuma ya sa aka yi kimanin shekara goma ba a yi bikin ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. Amma barazanar da ta fi waɗannan girma ita ce ta ruwan kansa. Madatsun Bakolori da Goronyo, da aka gina a sama domin noman rani, sun sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamar Kabi, ga yashi yana cike gulbi, ga injinan ban-ruwa na manoman shinkafa suna zuƙa. Gwamnati na iya sa ranar biki, ta gyara hanya, ta gayyato jakadu, amma cikar Matan Fada ba a hannunta kaɗai take ba, kuma ba a hannun Sarkin Ruwa ba. A 2006 an taru a Argungu, an yi kiɗa da wasanni, amma aka hana shiga su, saboda ruwan ya yi ƙasa ƙwarai.