Wasan kurket: jifan ƙarshe da dattakon ’yan wasa

Kurket wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowace da mutum 11. Ɓangare ɗaya yana jifa da ƙwallo don ya kayar da sanduna uku da aka kafa a ƙasa, ɗayan kuma yana kare su da katako, yana tara maki ta hanyar gudu tsakanin layuka biyu. Ƙwallon da ta gangara har iyakar fili maki 4 ce, wadda ta tsallake ta sama kuma 6. Kowane jifa shida ana kiransa oba ɗaya. Wasan yini guda oba 50 ne ga kowane ɓangare, gajeren kuma 20. Da yake jifa ake ƙirgawa ba mintuna ba, wasan sa’o’i bakwai yana iya rataya a kan ƙwallo ɗaya tak.

A Arewa wasan ya shigo ne ta makaranta. Turawa sun koyar da shi a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi yana ɗalibi. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kuma ita ce Kwalejin Barewa ta yau, a bayan ganuwar birnin Zazzau. Malaman wancan zamani sun ɗauki kurket a matsayin tarbiyya: yaro ya karɓi hukuncin alƙalin wasa ba gardama, ya fita fili ba ƙunƙuni. Sai dai wasan bai ratsa lungunan birni yadda ƙwallon ƙafa ta yi ba.

Abin da ya bambanta kurket shi ne dokarsa ta halatta wasu abubuwan da al’adarsa take ƙyama. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan: akwai ribar da ba mai kai ka ƙara a kanta, amma abokan sana’a ba za su manta ba. Tun shekarar 2000 ƙungiyar MCC ta Landan, mai riƙe da dokokin wasan, ta sanya gabatarwa a kan ladubbansa a farkon kundin dokokin.

Misalin da aka fi ambata ya faru a Lahore a gasar cin kofin duniya ta 1987. Pakistan tana neman maki 2 a jifan ƙarshe, mutum ɗaya kawai ya rage a fitar mata. Courtney Walsh na ƙungiyar West Indies ya taho zai jefa, sai ya ga Saleem Jaffar ya riga ya bar layinsa. Doka ta ba shi damar taɓa sandunan ya fitar da shi, wasa ya ƙare West Indies ta ci da maki ɗaya. Walsh ya tsaya, ya dube shi, ya koma ya sake tahowa. Abdul Qadir ya buga, ya samu makin biyu. Ba ƙaramin abu karar nan ta jawo ba, domin West Indies, wadda ta ɗauki kofin a 1975 da 1979, ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba.

Akasin haka aka gani a Melbourne ranar 1 ga Fabrairun 1981. New Zealand tana buƙatar maki 6 a jifan ƙarshe don a yi canjaras, sai kyaftin ɗin Ostiraliya, Greg Chappell, ya umarci ƙanensa Trevor ya mirgino ƙwallon a ƙasa yadda ba za ta bugu sama ba. Bai karya doka ba a lokacin, amma firaministocin ƙasashen biyu duk sun yi tir da shi, aka kuma hana irin jifan.

Wasan ƙarshe na kofin duniya na ranar 14 ga Yulin 2019 a filin Lord’s ya haɗa komai. New Zealand ta ci 241. Ingila tana neman 9 a jifa uku lokacin da Martin Guptill ya wurgo ƙwallo daga nesa, ta bugi katakon Ben Stokes yana nutso zuwa layi, ta gangara iyaka. Stokes ya ɗaga hannu biyu yana ba da haƙuri, alƙali Kumar Dharmasena ya ba Ingila 6; daga baya ya yarda cewa 5 ya kamata. Aka tashi 241 da 241, aka ƙara oba ɗaya, aka sake tashi 15 da 15. Ingila ta ɗauki kofin ne don ta fi aika ƙwallo iyaka, 26 da 17. Kyaftin Kane Williamson bai zargi kowa ba, duk da kofin ya suɓuce ba tare da an fi su maki ba. A watan Oktoba hukumar ICC ta soke wannan ƙa’ida, abin da ya nuna ita ma ba ta gamsu da ita ba.

Ra’ayi kan ladubban yana sauyawa. A 2022 an cire fitar da mai barin layi da wuri daga sashen rashin adalci, ya zama hanyar fitarwa kamar kowace. Masu goyon baya suna cewa wanda ya saci taku shi ne mai maguɗi.

Najeriya, wadda ta zama mamba a ICC a 2002, tana da nata labarin. A watan Janairun 2025, a gasar duniya ta mata ’yan ƙasa da shekara 19 a Malesiya, ruwan sama ya sa aka rage wasanta da New Zealand zuwa oba 13. ’Yan matan, ƙarƙashin kyaftin Lucky Piety, sun ci 65, suka tsayar da New Zealand a 63. Wannan ne karon farko da suka halarci gasar, kuma sun tsallake zuwa zagaye na biyu.