Maƙabartun da Tafkin Quabbin Ya Ci: Matsalolin Bin Salsalar Iyali

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake bin salsalar iyalan kwarin kogin Swift, a jihar Massachusetts ta Amurka, bayan da tafkin Quabbin ya shafe garuruwansu. Hujjar da ta kafa ita ce, kwashe kaburbura ya ceci sunaye, amma ya rusa tsarin kwanciyar mamata, wanda shi kansa shaida ce ta dangantaka.

Gabatarwa

A 1927 majalisar dokokin jihar ta amince a datse kogin Swift domin shayar da birnin Boston. Ranar 28 ga Afrilu, 1938 aka soke garuruwa huɗu daga doka: Dana, Enfield, Greenwich da Prescott. Mutum kimanin 2,500 suka tashi. Ruwa ya fara taruwa a 1939, tafkin ya cika a 1946. Kafin nan sai da aka tashi mamata: kaburbura 7,613 daga maƙabartu 34. An mayar da 6,601 sabuwar maƙabartar Quabbin Park da ke garin Ware, sauran 1,012 kuwa aka kai su wasu maƙabartu bisa zaɓin dangi.

Abin da takardu suka riƙe

Hukumar da ta gina tafkin ta ɗauki hotunan filayen kaburbura kafin a sa shebur, ta kuma rubuta wanda aka tono da inda aka mayar da shi.  Wannan taka-tsantsan ya zama gadon masu bincike, domin hoton da aka ɗauka kafin tono yana nuna wa ke kwance kusa da wa.

Wannan batu ya cancanci a daɗe a kansa. A tsohuwar maƙabartar ƙauye ba a binne mutum inda aka ga dama. Allon dutsen matar aure sau da yawa ba ya ɗauke da komai sai sunanta da na mijinta; sunan gidan ubanta ya ɓace ranar da aka ɗaura aure. Amma idan aka tarar da ita a gefen filin wani gida daban, ko aka ga jaririnta a tsakanin mutanen da ba su da sunan ubansa, to mai bincike ya sami bakin zare. Wataƙila nan ne gidan da ta fito. Da aka haɗa maƙabartu 34 wuri guda, maƙwabtakar da ta ginu cikin shekara fiye da ɗari ta warware. Wanda ya je Ware a yau ya karanta duwatsu kawai, ya ga sunaye daidai, amma zai iya ɗaura zumunci tsakanin mutanen da ma'aikatan tono ne suka jera su. A ganina wannan ne kuskure mafi haɗari a irin wannan aiki, domin kuskure ne mai kama da hujja.

Tarkon iyakoki

Garuruwan ba tare aka kafa su ba. Greenwich ta samu matsayin gari a 1754, Dana a 1801, Enfield a 1816, Prescott a 1822, kuma na baya daga jikin maƙwabtansu aka yanko su. Saboda haka wanda aka haifa a 1810 a gonar da daga baya ta faɗa cikin Enfield, a littafin Greenwich ya kamata a fara nemansa. Gida ɗaya, bai gusa ko taku ba, sai ya bayyana a littattafan garuruwa biyu, kamar iyalin sun yi ƙaura. Bayan 1938 kuma aka raba ƙasar ga garuruwan kewaye, irin su Belchertown, Hardwick, New Salem da Petersham. Ƙidayar jama'a ta tarayya tana taimakawa daga 1850, lokacin da aka fara rubuta sunan kowa a gida, sai dai gobarar 1921 ta lalata mafi yawan takardun ƙidayar 1890. A wannan giɓi na shekara ashirin, yaron da aka haifa ya rasu tsakanin 1880 da 1900 ba ya bayyana a ƙidayar da ta tsira, sai a neme shi a wasu shaidu irin su dutsen kabarinsa.

Waɗanda ba su da dutse

Adadin 7,613 na kaburburan da aka sani ne. Talaka, ɗan ƙodago da baƙon da ya rasu a hanya ba kullum suke samun allo mai rubutu ba, kuma aikin kwashewa yana bin abin da ido ya gani ko littafi ya ambata. Nan ne lamarin ya taɓa mu. Lokacin da tafkin Kainji ya haɗiye tsohuwar Bussa a 1968, kushewun da ya rufe galibi irin namu ne, tudun ƙasa marar rubutu, wanda sanin mai shi ke bakin tsofaffi. A kwarin Swift ma, ƙungiyar tarihin yankin da ke New Salem da taron tunawa da ake yi kowace shekara a maƙabartar Ware su ne inda zuriyar garuruwan ke haɗuwa, kuma a bakinsu ake jin sunan da dutse bai ɗauka ba. Yaran da suka bar kwarin a 1938 yanzu sun kusa shekara casa'in ko sun haura.