Tseren Dila: Waiwaye Kan Wani Tsohon Wasan Gem a Ƙasar Faru da Mafara

Duk wanda ya ji an ambaci Faru a mujalla irin wannan, abin da zai fara zo masa a rai shi ne zaman da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi a garin, lokacin da ya shafe wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Idan kuwa Talata Mafara da Bakura da Maradun aka ambata, to sai a tuno da madatsar ruwa ta Bakolori wadda aka gama a 1978, da jinin manoman da aka zubar a kanta cikin watan Afrilu na 1980. Waɗannan duk manya sun yi rubutu a kansu, ba su bar wa ɗalibi irina komai ba sai kala. Saboda haka ni wani ɗan ƙaramin abu na nufa, watau wani wasan tseren motoci na talabijin wanda ya cinye kuɗin tarar yaran ƙasarmu. Masu shi sun sa masa suna Crash Team Racing, mu kuwa muka raɗa masa Tseren Dila.

Na san wani zai ce mene ne haɗin wannan da nazarin Hausa. To, a aji an karantar da mu langa da dara da carafke a ƙarƙashin wasannin yara, aka ce mana wasa madubin al'umma ne. Idan haka ne, wasan da yaran Hausawa suka yi shekaru suna yi, suka ba shi sunaye da dokoki da habaici da harshensu, bai kamata a kore shi daga zauren ba don kawai daga waje ya zo. Ita ma karta ai baƙuwa ce.

Asalin abin daga Japan yake. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kiyoto tun 1889 yana buga karta, shi ya fito da Super Mario Kart a 1992. Dabarar ita ce a ɗauko tauraron kamfani, watau wannan ɗan gajeren mutum mai gashin baki da jar hula, a ɗora shi da abokansa da maƙiyansa bisa ƙananan motoci su yi tsere, kowa yana jifan ɗan'uwansa da abin da ya tsinta a hanya. Abin ya karɓu ƙwarai, har suka sake fito da Mario Kart 64 a 1996. A wancan zamani kowane kamfani yana da gwarzonsa, kamar yadda kowane sarki yake da makaɗinsa: Nintendo na da Mario, Sega na da Sonic tun 1991. Sony kuwa, da ta fito da na'urarta PlayStation a watan Disamba na 1994, ba ta da kowa. Ita kanta na'urar daga ɓacin rai aka haife ta, domin da farko Sony da Nintendo sun shirya yin aiki tare, sai Nintendo ta juya mata baya a 1991, ita kuma ta ce bari ta gwada ita kaɗai.

Waɗansu samari biyu Amurkawa, Andy Gavin da Jason Rubin, masu wani ɗan kamfani da ake kira Naughty Dog, su suka cike wa Sony wannan giɓi a 1996 da wata dabba mai jan gashi da shuɗin wando, sunanta Crash Bandicoot. Dabbar nan akwai irinta a ƙasar Ostareliya, ta fi kama da gafiya, tana goya ɗanta cikin wata jaka a cikinta. Mu dai ba mu taɓa ganinta ba, dogon baki da tsayayyun kunnuwa muka gani muka ce dila ne, sunan kuma ya zauna. Bayan wasa uku, na 1996 da 1997 da 1998, sai suka ɗora shi bisa mota a 1999. Wannan shi ne Crash na ƙarshe da ya fito daga hannunsu, domin haƙƙin mallakarsa ba nasu ba ne, kuma a 2001 Sony ta saye kamfanin nasu suka kama wani aiki.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, me ya sa Dila ya iso Mafara, Mario mai mota bai iso ba, alhali shi ne babba? Mario mai tsalle dai mun san shi, ta hanyar na'urorin nan na jabu 'yan Sin masu rawayan kaset. Amsar tana cikin abin da aka zuba wasan. Nintendo 64 da kaset take aiki, mai tsada, mai wuyar kwafa. PlayStation kuwa faifan CD ne, wanda duk mai kwamfuta zai iya gurzawa. Sony ta yi nata tanadi, ta sa wata ɓoyayyiyar alama a faifanta na asali, mai baƙin ciki, wadda na'urar take nema kafin ta tashi. Sai masu gyara suka samo wani ɗan ƙaramin abu da ake liƙawa a cikin na'urar da dalma, ya riƙa yi mata ƙarya cewa ta ga alamar. Da wannan ɗan abu ya yaɗu, shi ke nan, faifan jabu mai farin ciki ya cika kasuwa, daga Alaba ta Ikko zuwa Kano, daga can zuwa Gusau. Ni dai ban taɓa riƙe mai baƙin cikin nan a hannuna ba. Ga kuma yawan na'urar: an sayar da fiye da miliyan 100 a duniya kafin a daina ƙera ta a 2006, don haka da yaran Turai suka gaji da ita, sai ta biyo hanyar tsofaffin firji da talabijin, watau kayan Baljiyam.

Saboda haka wasan da aka yi a 1999, shekarar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya hau gwamnan Zamfara, ni da tsararrakina ba mu same shi ba sai wajen 2011, ya riga ya girme mu duka. A lokacin PlayStation 2 ce take yayi, samari sun mamaye ta da wasan ƙwallo. A gidan gem ɗin da na fi sani a Mafara, inda nakan je hutu daga Faru, talabijin huɗu ne a shago ɗaya, da benci, da labule a ƙofa don hasken rana, da ɗan janareta yana ƙugi a baya, domin wutar NEPA, ko PHCN kamar yadda aka sake mata suna a 2005, ba abin dogara ba ce, ko da yake ga Bakolori nan kusa. Talabijin na can lungu shi ne namu na yara, da tsohuwar na'ura ruwan toka wadda idonta ya yi rauni, sai an kifa ta take karanta faifai. Naira goma ake biya. Daga baya na karanta cewa wannan kifawa ba mu muka ƙirƙiro ta ba, haka yara suka yi ta yi a ko'ina cikin duniya.

Labarin wasan kuwa tamkar tatsuniya. Wani baƙo daga sama, Nitros Oxide, ya zo ya ce shi ya fi kowa gudu, in ba a sami wanda ya tsere masa ba zai daɓe duniya duka da siminti ta zama wurin ajiye motoci. Mu ba mu jin Ingilishinsa, kuma ba mu damu ba. Direbobi takwas ake fara zaɓa daga ciki, kowa da sunan da muka ba shi. Dakta Cortex shi ne Mai Ƙaton Kai, Tiny Tiger shi ne Basamude, Pura kuwa Mussa, da yake haka muke kiran kyanwa a wajenmu. Basamude ya fi kowa gudu a miƙaƙƙiyar hanya amma ba ya shan kwana, Mussa kuwa tana shan kwana kamar ruwa, sai dai ba ta da sauri. Coco, ƙanwar Dila, ta fi saurin tashi, amma ba yaron da zai ɗauke ta a gaban jama'a, sai a yi ta yi masa dariya har gida. 'Yan'uwanmu mata kuwa ko ƙofar shagon ba su zuwa, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi dalili ba.

Abin da ya sa wasan ya yi ƙarko, a ganina, shi ne yadda ya haɗa sa'a da gwaninta. Sabon shiga yana iya fasa akwati ya sami roka ya harbi na gaba, ya ji daɗi. Amma gwani ya san wani abu. In za ka sha kwana sai ka danne maɓallin tsalle motar ta riƙa zamiya, ka zuba wa hayaƙinta ido, da ya yi baƙi sai ka taɓa ɗaya maɓallin na kafaɗa, ta yi wuf. Sau uku ake iya jerawa a zamiya ɗaya. In ka yi gaggawa ko ka makara, ka yi asara. Ga kuma 'ya'yan itacen nan da muke kira mangwaro, in ka tara goma makamanka su ƙara ƙarfi. Ba wanda ya karanta wannan a takarda, baki da baki aka koya, kuma ba kyauta ba: sai ka biya wa gwani zagaye ɗaya kafin ya nuna maka. Haka ma asirin danne L1 da R1 a shafin farko a latsa waɗansu maɓallai a jere don a fito da ɓoyayyun direbobi. Da yake mai shago ba ya ajiye katin ajiya, duk abin da aka ci yana gushewa da zarar janareta ya mutu, sai mai asiri ya zama kamar boka a cikinmu.

Dokokin shago kuwa irin na dandali ne. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna, daidai da langa. Ba a leƙen rabin talabijin na abokin tsere, ko da yake kowa yana leƙawa. Wanda ya zo na ƙarshe ana ce masa ya share hanya. Kafin wannan, yaran Faru da motar kara da garin taya suke tsere, kuma habaicin da ake yi a can shi aka kwaso aka kawo nan, ba a canza komai ba sai motar.

Iyaye ba su so abin ba, kuma suna da hujja. Tun da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a watan Janairu na 2000 aka hana caca, duk wurin da yara suke shiga da kuɗi su fito babu, dole a sa masa ido. An sha dukan yara a kan kuɗin cefane, an sha tsinto masu gudun makarantar allo a bayan labulen nan. Amma ba wa'azi ne ya kashe gidan gem ba, kuma ba bulala ba. Wayar hannu ce ta fara cin kasuwarsa, da kowa ya sami gem a aljihunsa. Sa'an nan rashin tsaro ya ƙarasa. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara a watan Fabrairu, an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, an kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba. A watan nan ne aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Mai janareta da ba shi da jarka ba shi da sana'a, kuma ba uwar da za ta bar ɗanta ya kai magariba a waje saboda Dila. Shagon da na sani yanzu cajin waya ake yi a ciki.

A can waje kuwa wasan bai mutu ba. A watan Yuni na 2019 kamfanin Activision ya sake fito da shi da sabon fenti, da sunan Crash Team Racing Nitro-Fueled, don waɗanda suka yi shi suna yara a 1999 sun girma sun yi kuɗi. Na gan shi sau ɗaya a Sakkwato. Hanyoyin nan ne dai da na haddace, hayaƙin ma yana baƙi a inda ya saba, amma kuɗin na'urar da yake hawa ya fi ƙarfin shago irin namu. A watan Oktoba na 2023 kuma Microsoft ta saye Activision, watau Dilan da aka yi kiwo don ya tsare wa Sony ƙofa ya koma gidan kishiyarta, mai Xbox.