BABI NA UKU: DABARUN SIYASA WAJEN ZAƁEN MATAIMAKIN ƊAN TAKARA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi dalilan da kan sa ɗan takarar shugaban ƙasa ya ɗauki wane ya bar wane a matsayin mataimaki. Za a bi tarihin abin tun daga 1976, tare da mayar da hankali ga rawar da 'yan siyasar Katsina suka taka. Daga nan sai a gangaro zuwa ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin a ga yadda wannan lissafi yake aiki a matakin jiha. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, akan zaɓi mataimaki domin ya cike giɓin da ɗan takara yake da shi ranar zaɓe, alhali kuwa tsarin mulki ya tanade shi ne domin wata rana daban, wato ranar da kujera za ta zama babu kowa.

3.1 Asalin Muƙamin da Tanadin Doka

A tsarin sarautar ƙasar Hausa, mai taimaka wa sarki daban yake da mai jiran gado. Waziri yana ba sarki shawara, yana kuma tafiyar da al'amura a madadinsa, amma ba ya gadon sarauta. Masu jiran gado su ne 'ya'yan sarki da jikokinsa. Muƙamin mataimakin shugaban ƙasa kuwa ya haɗa waɗannan matsayi biyu a kan mutum guda.

Nijeriya ta aro wannan muƙami ne daga Amurka a tsarin mulkin 1979. A can ma an daɗe ana amfani da shi wajen neman ƙuri'a. Misali, a 1960 John Kennedy, wanda ya fito daga arewa maso gabashin ƙasar, ya ɗauki Lyndon Johnson na jihar Texas domin ya ja kudu. Da aka kashe Kennedy a 1963, Johnson ne ya hau mulki.

Tsarin mulkin 1999 ya ci gaba da wannan tanadi. Sashe na 142 ya ce takarar mutum ba ta inganta sai ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsa. Sashe na 134 kuma ya shimfiɗa sharaɗi cewa bayan rinjayen ƙuri'u, tilas ne ɗan takara ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasa. Wannan sharaɗi shi ne tushen dabarar baki ɗaya, domin ya hana kowa dogara ga yankinsa kaɗai. Sashe na 146 kuwa ya ba mataimaki kujerar idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi.

3.2 Daga 1976 zuwa 1983: Lissafin Yanki da Addini

Tun kafin farar hula su karɓi mulki, soja sun nuna hanya. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Janar Olusegun Obasanjo ya zama shugaban ƙasa. Da yake shi Kirista ne Bayarabe, kuma Arewa tana cikin jimamin rashin ɗanta, sai aka ga ya wajaba na biyunsa ya kasance Musulmi ɗan Arewa. Saboda haka aka ɗauko Shehu Musa 'Yar'aduwa, mutumin Katsina, aka ɗaga shi daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya, aka ba shi muƙami na biyu a gwamnati, duk kuwa da cewa akwai hafsoshin da suka girme shi a aiki.

A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme, ɗan ƙabilar Ibo, shekara tara kacal bayan ƙarewar yaƙin basasa. Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, Kirista ɗan Arewa, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Malam Aminu Kano na PRP ya ɗauki Samuel Ikoku daga gabas. Cif Obafemi Awolowo na UPN ne kaɗai ya saɓa wa wannan tsari, ya ɗauki Philip Umeadi, wanda shi ma ɗan kudu ne kuma Kirista.

Sakamakon zaɓen ya nuna muhimmancin wannan lissafi. Shagari ya sami ƙuri'u 5,688,857, Awolowo kuma 4,916,651. Tazarar ba ta kai miliyan ɗaya ba, amma ƙuri'un Awolowo sun taru ne a jihohin yamma, na Shagari kuwa sun bazu. Ya sami rubu'i a jihohi 12 daga cikin 19, a Kano kuma ya tsaya a ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, abin da ya jawo shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku wadda Kotun Ƙoli ta yanke. Da aka zo zaɓen 1983, Awolowo ya sauya shawara, ya ɗauki Alhaji Muhammadu Kura daga jihar Bauci.

3.3 Daga 1993 zuwa 1999: Lissafin Cikin Gida

Zaɓen 1993 ya fito da wani ma'auni na daban, wato ƙarfin ɓangarori a cikin jam'iyya. A taron fid da gwani na SDP da aka yi a Jos, Alhaji Atiku Abubakar, wanda yake ɗan gidan siyasar Shehu 'Yar'aduwa ne, ya janye wa Cif Moshood Abiola. Magoya bayan 'Yar'aduwa sun sa rai za a saka musu da kujerar mataimaki. Amma gwamnonin jam'iyyar suka matsa a ɗauki Ambasada Babagana Kingibe, tsohon shugaban jam'iyyar, wanda ya zo na biyu a taron. Ta haka aka sami Musulmi biyu a tikiti guda. Alhaji Bashir Tofa na NRC kuwa ya bi tsohuwar hanya, ya ɗauki Dokta Sylvester Ugoh daga gabas. An yi zaɓen ranar 12 ga Yuni, gwamnatin Janar Babangida kuma ta soke shi.

Shehu 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997, amma ƙungiyarsa ta PDM ba ta watse ba. Ita ce ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan jam'iyyar PDP. Da Obasanjo ya sami tikiti a 1999, yankinsa na Yarabawa ba ya tare da shi, don haka yana buƙatar mai jama'a a hannu. Sai ya ɗauki Atiku, wanda a lokacin an riga an zaɓe shi gwamnan Adamawa. Wato ke nan abin da gidan 'Yar'aduwa ya rasa a 1993 ya same shi a 1999. Sai dai mataimaki mai ƙarfin kansa yana da nasa haɗari, domin a zango na biyu dangantaka ta yi tsami tsakaninsu, har Atiku ya yi takarar 2007 a jam'iyyar AC yana kan kujerar mataimaki.

3.4 Katsinawa Biyu da Mataimakansu

A watan Disamba na 2006 PDP ta tsayar da gwamnan Katsina, Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. An ɗaukar masa Dokta Goodluck Jonathan, wanda shekara ɗaya ke nan da zamansa gwamnan Bayelsa bayan tsige maigidansa. Dalilan a bayyane suke. Yankin Neja Delta yana fama da tsagerun da ke fasa bututun mai, yankin kuma bai taɓa ba da zaɓaɓɓen shugaba ko mataimaki ba. Bugu da ƙari, bayan abin da ya faru da Atiku, an fi son mutum mai sanyin hali wanda ba zai yi gogayya da maigidansa ba.

A ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka tafi da Shugaba 'Yar'aduwa Saudiyya neman magani ba tare da ya miƙa ragamar mulki ba. Ƙasa ta zauna cikin ruɗani har zuwa 9 ga Fabrairu, 2010, lokacin da Majalisar Tarayya ta mayar da Jonathan muƙaddashin shugaba. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, aka rantsar da Jonathan washegari. Wannan ya wargaza yarjejeniyar karɓa-karɓa ta PDP, wadda 'yan Arewa suka fahimta a kan cewa yankinsu zai yi shekara takwas. Shi ma Jonathan da ya ɗauki gwamnan Kaduna, Namadi Sambo, sai kujerar gwamna ta faɗa hannun Patrick Yakowa, Kirista na farko da ya mulki jihar. 'Yan siyasa kan kira mataimaki da sunan safaya taya, amma abin da ya faru a 2010 ya nuna cewa da ita mota kan ƙarasa tafiya.

Tarihin Janar Muhammadu Buhari na Daura yana koyar da wani darasi. A 2003 ya ɗauki Dokta Chuba Okadigbo, a 2007 Cif Edwin Ume-Ezeoke, dukkansu Ibo, a 2011 kuma Fasto Tunde Bakare, Bayarabe. Ta fuskar yanki da addini duk sun dace, amma babu wanda ya zo da jam'iyya mai riƙe da jihohi a kudu, kuma sau uku Buhari yana faɗuwa. A 2015 ya ɗauki Farfesa Yemi Osinbajo. Shi ma fasto ne Bayarabe kamar Bakare, amma a bayansa akwai Bola Tinubu da gwamnonin tsohuwar ACN da suka shiga haɗakar APC a 2013. A wannan karo Buhari ya sami ƙuri'u fiye da miliyan 15, ya kayar da shugaba mai ci. Daga nan za a fahimci cewa sunan mutum da addininsa ba su isa ba, sai an dubi rundunar da ke tafe da shi.

Katsina ta sake shiga labarin a 2022. Da wa'adin miƙa sunaye ga hukumar zaɓe ya matso, Tinubu ya ba da sunan Alhaji Kabir Ibrahim Masari a matsayin mai riƙon wuri. Daga baya, ranar 10 ga Yuli, ya bayyana Sanata Kashim Shettima na Borno a garin Daura. An sake samun Musulmi biyu kamar 1993, bisa lissafin cewa ɗan kudu ba zai ci ba sai da ƙuri'un Musulmin Arewa. Tikitin ya yi nasara a 2023, amma a jihar Katsina Atiku ne ya zo na ɗaya da ɗan ƙaramin rata.

3.5 Misali daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Irin wannan lissafi yana gudana a matakin jiha, domin sashe na 187 ya wajabta wa ɗan takarar gwamna ɗaukar mataimaki, sashe na 179 kuma ya nemi rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Jihar Katsina, wadda aka cire daga Kaduna a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34: shiyyar Katsina 11, Daura 12, Funtuwa 11. Ɗan takara yana buƙatar rubu'i a 23. Idan ya rasa shiyyar Funtuwa dungurungum, to 23 ɗin ne cif suka rage masa, kuma ko ɗaya ta kuɓuce ya faɗi. Tun da mafi yawan al'ummar jihar Musulmi ne, addini ba ya cikin ma'aunin, sai shiyya ta maye gurbinsa.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai, a cikin shiyyar Funtuwa, kuma kowace daga cikinsu ta ba da mataimakin gwamna. Barista Ibrahim Shehu Shema, mutumin Dutsin-ma a shiyyar Katsina, ya fara mulki a 2007 tare da Alhaji Surajo Umar Damari, ɗan ƙaramar hukumar Sabuwa. A zangonsa na biyu, wanda ya ƙare a 2015, Barista Abdullahi Garba Faskari ne mataimakinsa. Da Alhaji Aminu Bello Masari na Ƙafur ya hau a 2015, gwamna ya koma shiyyar Funtuwa, sai kujerar mataimaki ta bar shiyyar, aka ba Alhaji Mannir Yakubu daga shiyyar Katsina.

Zaɓen 2023 ya fi fito da dabarar fili. APC ta tsayar da Dokta Dikko Umaru Raɗɗa daga Caranci, wato mulki zai bar shiyyar Funtuwa bayan shekara takwas. PDP kuwa ta tsayar da Sanata Yakubu Lado Ɗanmarke, ɗan ƙaramar hukumar Ƙanƙara, wanda ya wakilci shiyyar a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2011. Mataimakin da APC ta shiga zaɓe da shi shi ne Malam Faruk Lawal Joɓe, wanda shi ma mutumin Ƙanƙara ne. Da wannan zaɓi an jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya. An lallashi shiyyar da ta saki kujerar gwamna, an shiga gidan abokin hamayya domin a raba masa ƙuri'a, an kuma jawo wanda ya yi kwamishinan kasafin kuɗi a gwamnatin Masari, ya kuma nemi tikitin gwamna tare da Raɗɗa. Raɗɗa ya lashe zaɓen da ƙuri'u 859,892, Lado kuma ya sami 486,620.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa abubuwa huɗu ne ake aunawa wajen ɗaukar mataimaki: yanki, da addini, da ƙarfin ɓangare a cikin jam'iyya, da kuma biyayya ga maigida. Nauyin kowane yana sauyawa da zamani. A 1979 yanki ne ya rinjaya, a 1993 da 1999 ƙarfin ɓangare, a 2006 biyayya da rikicin Neja Delta, a jihar Katsina kuwa shiyya. Abin da ba a cika sa shi a kan sikeli ba shi ne ko mutumin zai iya riƙe ƙasa ko jiha idan ta faɗo hannunsa, da kuma abin da hawansa zai haifar ga yarjejeniyar da aka ƙulla. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010 ta nuna cewa duk jam'iyyar da ta ɗauki mataimaki, ta riga ta zaɓi wanda zai iya zama shugaba, ko ta yi nufin haka ko ba ta yi ba.