Saki a Zongo: Daga Zauren Malam Zuwa Takardar Gwamnati

 Babu makon da zai wuce ba a kawo mana maganar aure da ya mutu ba a nan Nima ko Mamobi. Sau da yawa tambayar farko da muke yi ita ce: ina takarda, kuma su wa suka shaida? Sai a yi shiru. Wannan shirun yana da tarihi, kuma ya kamata ɗalibanmu su san shi.

Kakanninmu sun shigo ƙasar nan ta hanyar fataucin goro na Gonja, wasu kuma ta aikin soja a ƙarƙashin Turawa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, malamai da fatake suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zongo, sannan a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu filin da ya zama Nima. Duk inda suka sauka, da littattafansu suka sauka: Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil, wato fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a Kano da Katsina.

Sai dai akwai abin da ba su samu ba a nan. A ƙasar Hausa akwai alƙali mai ikon zartar da hukunci. A Zongo babu. Idan aure ya yi tsami, ana fara zuwa wajen waliyyai, daga nan wajen mai gidan da ya saukar da su, sai liman, sai sarkin Zongo. Ƙarfin hukuncinsu kunya ce da ganin girma. Mutum ba zai ƙi maganar wanda ya ba shi masauki ya kuma nema masa mata ba. Tsarin ya yi aiki muddin kowa ya san kowa.

A 1907 gwamnatin Turawa ta kafa dokar auren Musulmi. Ta ce a yi rajistar aure cikin mako ɗaya da ɗaura shi, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da ke da lasisi su sa hannu a ofishin hukuma. Saki kuma a yi rajistarsa cikin wata ɗaya. Wanda lokaci ya ƙure masa, sai ya nemi izinin alƙalin babbar kotu. Har yau wannan doka tana nan a cikin dokar aure ta Gana.

Mafi yawan mutanenmu ba su bi ta kanta ba. Mako ɗaya ya yi kaɗan ga mutanen da ke cikin hidimar biki, limamai masu lasisi ba su da yawa, ga kuma tsoron duk wani abu da ya fito daga hannun Nasara. An raba goro, an yi fatiha, me ya rage? To amma da shari'o'i suka kai gaban kotu, alƙalai suka riƙa ɗaukar auren da ba shi da rajista a matsayin auren al'ada, ba auren Musulunci da doka ta sani ba.

Bayan samun 'yanci a 1957 dokoki suka ƙaru. Dokar shari'o'in aure ta 1971 ta ba wanda ya yi auren Musulunci damar kai ƙararsa kotu. A 1985 gwamnatin Rawlings ta fito da doka mai lamba 111 kan gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ta kuma soke sashen dokar 1907 da ke cewa a raba gadon Musulmi mai rajista bisa shari'a. Dokar yara ta 1998 ta ɗora wa iyaye ciyarwa da karatu da maganin 'ya'yansu ko aure ya mutu, kuma kotun iyali na iya tilasta uban da ya ƙi.

A wannan tsakanin Zongo kanta ta canza. Mai gida ya zama mai karɓar kuɗin haya kawai. Miji yana Tripoli ko Italiya ko Amurka. Wata baiwar Allah ta zo mana da 'ya'ya uku, mijinta ya aiko da saki ta saƙon murya a waya, daga baya ya goge ya ce bai yi ba. Ba ta san ko tana da aure ko ba ta da shi ba, ba ta san ranar da za ta fara ƙirga idda ba, kuma dangin miji sun riga sun kulle ɗakin. Kunyar da ta tsare kakarta ba ta nan, takardar da za ta tsare ta ita ma ba ta nan.

Alhali addininmu bai bar ta haka ba. Suratun Nisa'i ta umarci a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta kafin abu ya lalace. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda, ta kuma yi umarni da kafa shaidu adilai biyu. A mazhabarmu, ciyar da mai iddar sakin kome yana wuyan miji, renon yara kuma haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, muddin uwar ba ta yi wani aure ba. Wadda ake cutarwa tana da hanyar neman a raba, wadda ta gaji tana da hul'i. Wanne daga ciki ne zai tabbata idan babu shaida?

Saboda haka muna kira ga limamai 'yan'uwanmu, mu nemi lasisi, kuma kowane masallaci ya ajiye littafin aure da saki, da kwanan wata da sunayen shaidu. Waliyyai, kada ku bari mako ya wuce ba a yi rajista ba. Wanda ya ga ba makawa sai rabuwa, ya zo da dangi a zauna, a rubuta saki nawa ne, ina za ta yi idda, sidi nawa ne na yara a wata. Idan uba ya ƙi, zuwa kotun iyali ba tonon asiri ba ne, neman haƙƙin yaro ne.

Allah ya gyara zamanmu, ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alam.